Ambaliya ta ci gari: kuɗi za mu aika ko kaya?

Wani ɗan'uwa, sakataren ƙungiyar matasan wata unguwa a Zariya, ya aiko mini da tambaya. Ya ce kusan kowace damina sai sun ji labarin garin da ruwa ya ci, hankalinsu ya tashi, su yi karo-karo. A wannan karon sun tara kuɗi masu ɗan kauri da buhunan tufafi, sai kansu ya rabu. Wasu na ganin a sayi shinkafa da taliya, a ɗauki shatar mota a kai da hannu, wasu na ganin a tura kuɗin kawai. Yana so ya san wanne ya fi amfani ga waɗanda ibtila'in ya faɗa wa, kuma wanda ba shi da ko sisi me zai iya yi.

Ɗan'uwa, Allah Ya saka muku da alheri, Ya karɓa. Na daɗe a aikin agaji, kuma mafi yawan shekarun a sito na yi su, wurin karɓar kaya da ƙirgawa da rabawa. A bakin ƙofar sito ake ganin abin da jama'a suka aiko aka yi wawarsa, da wanda ya kwana ya wuni ba wanda ya kalle shi. Shawarata ta farko, kada ku yi lodin motar nan tukuna. Ku nemi mutum biyu ko uku da ke cikin garin, waɗanda ƙafarsu ke cikin taɓon, ku tambaye su me ake bukata a wannan makon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta biyu kuma, wadda na fi so ka riƙe da kyau, kada ku kashe kuɗin duka yanzu. Ku fitar da kaso kaɗan, ku ajiye mafi tsoka har bayan wata biyu ko uku, lokacin da 'yan jarida sun tattara kayansu, manyan baƙi kuma sun daina zuwa jaje.

Abin da ya sa na ce haka shi ne bukatar wanda ruwa ya kora ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta ranar farko daban, ta mako na biyu daban, ta wata na uku kuma daban. Ka tuna Maiduguri. A daren 9 ga Satumban 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle. Ruwa ya shiga Gwange da kasuwar Monday Market da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri, har gidan namun daji da gidan yari bai bari ba. Rabon garin da ganin irinta tun 1994, lokacin ma daga Alau ɗin ruwan ya zo. Hukumomi sun ce sama da mutum 400,000 ne suka bar gidajensu, kuma da yawa daga cikinsu wannan ne gudu na biyu, don dama rikicin Boko Haram ne ya koro su daga ƙauyukansu. A awannin farko, maƙwabta ne suka ceci maƙwabta. Samari masu iya iyo, masunta da kwale-kwalensu, sojoji da manyan motoci, su suka riƙa sauko da mutane daga kan rufi da bishiyoyi. A Mokwa ma ta Jihar Neja, ranar 29 ga Mayun 2025, ruwan da ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da asuba ya gama ɓarnarsa cikin 'yan awanni, ya kashe mutane fiye da 150. Babu wata mota daga Zariya ko Kano da za ta isa a wannan lokacin ta ceci rai.

Shi ya sa nake hana matasa irinku tashi da zafin zuciya ku nufi wurin. Duk wanda ya je ba tare da an neme shi ba, sai ya ci daga abincin da bai wadata ba, ya sha daga ruwan da ake rabawa da kofi, ya nemi wurin kwana a garin da masu gida ke kwana a titi. Idan cikinku akwai ma'aikacin jinya, ko likita, ko mai gyaran famfon burtsatse, ko wanda ya samu horon ceto a ruwa, ya tuntuɓi masu aiki a can, in sun ce ya zo ya tafi. Sauran ku, kuɗin motar da za ku kashe ya fi amfani idan ya zama man fetur a injin jirgin da ke kwaso mutane, ko gawayi a ƙarƙashin tukunyar da ake dafa wa sansani abinci.

Bari in ba ka labarin da ya sauya mini tunani game da buhun shinkafa. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutane sama da 600 a faɗin Najeriya, muna aiki a wani ƙauye da ke gefen kogin Haɗeja, mutane sun tare a makarantar firamare. Muka raba shinkafa ɗanya. Da yamma na zagaya ajujuwan sai na tarar da wata mata mai goyo zaune a kan nata kason, yara uku na kewaye da ita, ba hayaƙi ba alamar girki. Tukwanenta ruwa ya tafi da su, itacen da ke garin duk a jiƙe yake. Washegari muka ga shinkafarmu a kasuwa. Ran wasu abokan aikina ya ɓaci, suna cewa an ci amana. Na koma na tambaye ta. Ta ce mudu huɗu ta sayar, ta sayi ƙaramar tukunya da gawayi, ta sayo wa jaririn maganin zazzaɓi, ta ba wani yaro kuɗin kwale-kwale ya je ya dubo mata surukarta da ta maƙale a tsallake. Ban ga laifinta ko kaɗan ba. Abin da ya dame ni shi ne ta sayar da shinkafar ƙasa da yadda muka saye ta, ban da kuɗin mota da na 'yan dako da muka biya. Da kuɗin muka miƙa mata tun farko, da ta yi duk waɗannan, ta kuma rage na cefane.

Don haka amsata a kan kuɗi ko kaya ita ce, a mafi yawan lokuta kuɗi ya fi. Ba ya bukatar tirela, ba ya ruɓewa a sito, ba ya kwana uku a hanya saboda gada ta karye. Yana ba uwar gida damar sayen abin da ta san gidanta ke bukata, wanda kai daga nesa ba za ka taɓa hasashensa ba. Kuma idan aka kashe shi a kasuwar garin, mai kanti da mai nama da mai kayan miya, waɗanda su ma ruwan ya taɓa, suna samun ciniki su miƙe. In kuwa aka cika gari da shinkafar kyauta daga waje, ɗan tiredar da ya tsira da buhu biyar sai ya rasa mai saye. Manyan ƙungiyoyi irin su Hukumar Abinci ta Duniya da Red Cross sun daɗe da karkata ga rabon kuɗi a duk inda kasuwa ke ci, saboda irin waɗannan dalilan. Na san abin da wasunku za su ce, wai maigida zai karɓa ya kashe a banza. Yakan faru jifa-jifa, amma abin da na gani da idona shi ne mai yunwa abinci yake fara saye. In kuna da shakka, ku damƙa a hannun matar gida, ko ku yi yarjejeniya da wani mai kanti amintacce, ku raba kati a je a karɓi kaya na adadin kuɗin.

Akwai inda kuɗi ba ya aiki, kuma dole in faɗa. Ƙauyen da ruwa ya yanke daga ko'ina, kasuwa ba ta ci, layin waya ya ɗauke, mai POS ya gudu, a nan takardar naira ba ta ƙosar da kowa. Haka ma makon farko a babban gari idan kasuwar kanta ta nutse. A irin wannan hali dafaffen abinci ake so, shi ya sa a Maiduguri Hukumar Abinci ta Duniya ta kafa wuraren girki a sansanoni tun kwanakin farko, mutanen gari ma da ruwan bai kai gare su ba suka riƙa dafawa suna kaiwa. Idan za a aika abu a wannan lokacin, a aika wanda ake ci ba wuta: garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, dabino, burodi, ruwan leda. Ko a nan ɗin ma, saye daga gari mafi kusa ya fi ɗaukowa daga nisan kilomita ɗari biyar.

Tufafin da kuka tara kuwa, kada ranka ya sosu da abin da zan faɗa. Babu kayan da ke wahalar da ma'aikatan agaji kamar gwanjon da aka cusa a buhu ba a tantance ba. Na taɓa kwashe kwana huɗu da mutum shida muna buɗe buhuna, muna fito da rigunan sanyi a tsakiyar zafin Satumba, da takalmi ƙafa ɗaya, da wanduna yagaggu, alhali a waje mata na tambayar zani da hijabi. Waɗannan mutum shida ya kamata a ce suna haƙa masai. Ku zauna ku zazzage buhunan, ku jefar da duk abin da ku kanku ba za ku sa ba, ku wanke sauran, ku ware na maza da na mata da na yara gwargwadon shekaru, ku rubuta a jikin kowane ƙunshi. Barguna da rigunan sanyi ku ajiye su sai hunturu ya kusa, lokacin ne mai kwana a ƙarƙashin tamfol zai yi muku addu'a a kansu. Kuma akwai abin da ba a ba da tsohonsa: kayan ciki na mata da audugar al'ada. Mata ba za su tambayi namiji waɗannan ba, ko da suna cikin tsananin bukata. Ku sa mata biyu cikin kwamitinku, su yi magana da matan can, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Cikin abubuwan da suka fi kashe mutane bayan ruwa ya janye akwai gurɓataccen ruwan sha. Ambaliya tana haɗe masai da rijiya, ta kwaso mushe da shara ta zuba a inda ake ɗiba. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya suka yarda da shi shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsafta, sannan masai ɗaya ga mutum 20. Yi lissafi a kan makaranta guda da mutum 2,000 suka tare a ciki. Kowace rana ana bukatar lita 30,000, wato jarka 1,500 mai cin lita 20, da masai 100. Makarantar kuwa wataƙila huɗu gare ta. A Borno ba a cika wata guda da ɓallewar Alau ba gwamnatin jihar ta sanar da ɓullar kwalara, a farkon Oktoba. Jama'a sun fi son ba da abin da za a miƙa hannu da hannu, shi ya sa kuɗin haƙa masai da na tankar ruwa da na gyaran burtsatse kullum suke ƙaranci. Idan mutanenku na can suka ce matsalarsu ruwa ce, ku sa kason farko a nan ba tare da jinkiri ba: maganin tsaftace ruwa mai sinadarin kulorin, jarkoki masu murfi, bokiti, buta, sabulu, da ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa. Inda ƙunshin bai samu ba, kowace uwa ta san haɗin gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sai gidan sauro, domin kududdufan da ruwa ya bari makonni kaɗan suke ɗauka su cika gari da zazzaɓin cizon sauro.

Abu biyu nake roƙon ku kada ku aika da ra'ayin kanku. Na ɗaya magunguna, musamman ragowar na gida da waɗanda wa'adinsu ya kusa. Bayan girgizar ƙasar Armeniya a 1988 an aika tan 5,000 na magunguna da kayan asibiti, sai da mutum 50 suka shafe wata shida kafin su gane me aka kawo, kuma mai yawa bai amfanu ba. Irin wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'idar cewa maganin gudummawa ya kasance wanda aka nema, kuma da sauran aƙalla shekara guda kafin ya lalace. Ku tambayi mai kula da asibitin garin ya rubuto abin da ya ƙare masa, ku saya daga kemis mai rajista. Na biyu madarar gwangwani ta jarirai. Niyyar mai kyau ce, amma da wane ruwa za a dama ta, a wane kofi? Jaririn da aka cire daga nono aka ɗora kan madarar da aka haɗa da ruwan sansani, gudawa ce ke jiransa. Ku ciyar da uwar ta ƙoshi ta ci gaba da shayarwa. Marayan da ba shi da mai shayar da shi, a bar wa ma'aikatan lafiya su tsara.

To ta hannun wa za a bi? A Najeriya akwai hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da aka kafa a 1999, da takwarorinta na jihohi da ake kira SEMA, su ke da alhakin tsara aikin da kula da sansanoni. Akwai Red Cross mai rassa a kowace jiha. Akwai 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam, da ƙungiyoyin coci-coci, waɗanda ke da mutane a kusan kowace unguwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana jinyar masu kwalara da yara masu tamowa a Maiduguri da Katsina da yankin Maraɗi. A Nijar akwai ƙungiyar Croix-Rouge, wato Red Cross ta can. Ma'aunina a kan kowace ƙungiya, babba ko ƙarama, tambaya uku ce: tana garin tun kafin ibtila'in, za ta iya nuna maka sunayen waɗanda ta ba, kuma za ta nan bayan wata shida? Ko da kun zaɓi ku raba da kanku, ku sanar da masu kula da wurin. In ba haka ba sai sansanin da ke bakin kwalta ya samu rabo sau uku a mako, wanda ke bayan gari bai ga ko ƙwayar gero ba.

Ku yi hattara da lambobin asusu da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma 'yan damfara sun san lokacin da zuciyar mutane ta yi laushi. Sukan ɗauko hoton tsohuwar ambaliya, wani lokaci ma na wata ƙasa, su liƙa lambar asusunsu. Kafin ku tura ko naira ɗaya, ku kira wani da kuka sani a garin ya je ya gani da ido. Ku ma ku tsare kanku daga zargi: asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu ke sa hannu, kowane saye da rasit, a karanta lissafin shiga da fita a gaban waɗanda suka ba da gudummawa. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya tafi, baɗi ma zai bayar.

Rabo shi ne wurin da aikin ya fi wuya, kuma a nan ake zaluntar raunana ba da niyya ba. Kada a bar rubuta sunaye a hannun mutum ɗaya, ko da mutumin kirki ne, domin matsin dangi da na 'yan siyasa zai yi masa yawa. A haɗa mai unguwa da liman da malamin makaranta da ungozoma ko shugabar mata da wakilin matasa, su bi gida-gida, sannan a karanta sunayen a bainar jama'a kowa ya ji. Ku tambaya musamman a kan waɗanda ba sa iya shiga layi: tsofaffi, makafi, guragu, matan da ke takaba, da almajirai, waɗanda sunansu ba ya cikin lissafin gidan kowa. Ku tuna kuma cewa da yawan waɗanda ruwa ya kora ba sa zuwa sansani sam. Suna raɓe a gidajen 'yan'uwa, gidan mutum takwas ya koma na ashirin da biyar, mai masaukin yana ciyar da su daga rumbunsa ba wanda ya rubuta sunansa. Shi ma mabukaci ne. Ranar rabo a ba da kati da lokaci tun jajibiri, a raba rukuni-rukuni, layin mata daban kuma mata ne ke miƙa musu. Kada a yi shela a tara dubban mutane a fili ɗaya. A Disamban 2024 turmutsutsu wajen rabon abinci da kyaututtuka a Ibadan da Okija da Abuja ya kashe mutane sama da 60 cikin 'yan kwanaki, yawancinsu mata da yara. Game da hoto, ku ɗauki na kaya da na rasit don shaida. Dattijon da jiya yake ciyar da gida, yau ya miƙa hannu, bai kamata fuskarsa ta zagaya wayoyin duniya ba.

Yanzu ga dalilin da na ce ku ajiye kaso mafi tsoka. Ambaliyar ƙasarmu takan zo ne a Agusta da Satumba, daidai lokacin da gero ya yi kai, shinkafa ta fara ciki. Manomin Auyo ko Kafin Hausa ko Ringim da ruwa ya kwanta a gonarsa ya rasa abincin shekara guda cur, da irin da zai shuka, sau da yawa har da bashin takin da ya ci. Buhun da aka ba shi zai ƙare cikin makonni. Yunwar gaske tana zuwa ne can gaba, ta yi tsanani a bazara da farkon damina mai zuwa, lokacin ba mai maganarsa a rediyo. Amma ruwan da ya ci gonar yakan bar danshi da taɓo mai kyau a fadama. Idan manomin ya samu iri da taki da man injin ban ruwa a Oktoba, zai shiga noman rani, ya yi alkama ko shinkafa ko masara ko albasa da tumatir, ya ciyar da kansa da hannunsa. Lokaci ne komai a nan. Alkama a Nuwamba ake shuka ta don ta samu sanyin hunturu, irin da ya iso a Janairu ya makara. Macen da akuyoyinta suka tafi kuwa, akuya biyu sun fi mata buhu biyu, domin su ne bankinta.

A cikin gari ma haka ne. Na san wani tela da ruwa ya kwana uku a shagonsa, kekensa ya yi tsatsa ya ƙi juyawa. Ya yi wata biyu yana bin layin rabo, kansa a sunkuye. Kuɗin da aka kashe wajen wanke keken da sauya masa 'yan kayayyaki da sayen zare bai kai na buhun shinkafa ba. Da na koma bayan mako uku na tarar da shi yana ɗinka kayan makaranta, yaransa biyu na aiki sun dawo. Irinsa suna da yawa: mai markaɗe da injinta ya sha ruwa, mai adaidaita sahu, mai shayi da ya rasa tebur da tukunya, mai ƙosai da ba ta da kaskon suya. Ƙungiya ƙarama irin taku ba za ta iya ciyar da sansani ba, amma za ta iya mayar da gida ashirin ko talatin kan sana'arsu, kuma ta san kowannensu da suna.

Sai makaranta. A 2024 Nijar ta ɗage komawa karatu zuwa ƙarshen Oktoba saboda ambaliya, wasu makarantun sun rushe, wasu mutane na zaune a ciki. A daminar 2024 ɗin ce tsohon masallacin Zinder, ginin ƙasa, ya faɗi. Yaron da littattafansa da kayan makarantarsa suka tafi, in ba a tallafa ba sai ya koma talla. Tsangayu ma na bukatar alluna da tabarmi da rumfa. Gidajen ƙasa kuma sau da yawa ba sa faɗuwa ranar ambaliyar, sai bayan ruwa ya janye bango ya tsotsi danshi ya zube, wani lokaci a kan masu barci. Taimakon gini ya fi kyau ta hanyar gayya, ku ba da siminti da bulo na tushe da kwanon rufi, mutanen gari su sa ƙarfinsu, da sharaɗin ba za a sake ginawa a kan hanyar ruwa ba. Wanda yake son fitar da zakkarsa ta wannan hanya, wanda ruwa ya talauta ya shiga sahun mabukata, sai dai ya tambayi malamai a kan hukuncin kai ta wani gari da na fitar da ita kafin lokacinta, kuma a ware ta daga kuɗin sadaka a lissafi.

Wanda ba shi da kuɗi, aiki na jiransa. Mutanen da suka tsira da kayan jikinsu sun rasa katin ɗan ƙasa, da katin banki, da layin waya, da takardun makaranta da na fili, kuma ba tare da waɗannan ba ko tallafin gwamnati ba sa iya karɓa. Saurayi mai ilimi da zai zauna da dattijo ya cike masa takarda, ya raka shi kotu a yi rantsuwar ɓatan takardu, ya raka shi banki, ya yi masa abin da buhu ba zai yi ba. Mai lafiya ya ba da jini, kuma ya riƙa bayarwa a kai a kai, tunda jini ba ya wuce kwana 35 zuwa 42 a ajiye. Mai ɗaki a gidansa ya sauki iyali guda. Wanda ke da 'yan'uwa a can ya riƙa kira, domin akwai yaran da ko hadari ya haɗu sai su fara kuka, da iyayen da ba su samu gawar 'ya'yansu ba, kuma zaman jaje na kwana uku bai ishe su ba. Masu murya a rediyo da intanet su daina yaɗa labarin da ba su tabbatar ba, su riƙa tambayar wakilansu cikin ladabi da naci ina aka kwana kan kuɗaɗen da aka yi alkawari da gyaran madatsun ruwa da magudanai.

Tunda kun ce duk shekara kuke wannan karo-karon, ku mayar da shi asusu na dindindin, kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya samu wata-wata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA kuma na bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya sauka. Ku duba, ku tura mutum biyar su koyi taimakon gaggawa a wurin Red Cross, ku yashe kwatocin unguwarku tun a Mayu.

Da ni ne a kujerarka, ɗan'uwa, ga yadda zan yi da abin da ke hannunku yau. Zan zaɓi gari ɗaya, wanda ba a cika ambatarsa a labarai ba kuma muna da amintaccen mutum a cikinsa. Zan tura kashi ɗaya cikin uku yanzu a kan abin da suka ce, ko ruwa ne ko abinci ko gidan sauro, a saya a kasuwa mafi kusa da su. Tufafin da aka tantance zan ba direban da dama yake bin hanyar, ba sai an ɗauki shata ba. Kashi biyun da suka rage su zauna a asusu. Ka buɗe littafin ƙungiya ka rubuta ranar da za ku sake kiran mai unguwar da shugabar matan, makon farko na Oktoba, ku tambaye su wa ke bukatar iri, wa ke bukatar gyaran inji, kuma yara nawa ne ba su koma makaranta ba.